Idan Jaz Ya Haɗu da Na'ura, Wa Ke Sauraren Wani?

Fiye da shekara 50 ke nan masoya kiɗan jaz suna jayayya a kan ko ya dace a haɗa wannan kiɗa, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans tun farkon ƙarni na 20, da sautukan na'urorin lantarki da kuma kiɗan ambiyent, wato kiɗan nan mai tafiya a hankali, marar ƙaƙƙarfan bugu, wanda ake sakawa domin ya cika wuri. A 'yan shekarun nan muhawarar ta sake ɗaukar zafi, saboda faya-fayan da suka haɗa waɗannan nau'o'i sun yawaita a Landan da Los Angeles da Oslo, har ta kai matasa da yawa ta wannan ƙofa suke fara shiga jaz. Ni ina cikin masu goyon bayan haɗin, amma ina da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa a kansa: duk abin da aka shigo da shi cikin taron makaɗa, mutum ne ko na'ura, wajibi ne ya ji abin da sauran suke kaɗawa, ya kuma mayar musu da amsa a daidai lokacin. Inda wannan sharaɗi ya cika, wutar lantarki ba ta rage wa jaz komai. Inda bai cika ba kuwa, ko da dukan kayan kiɗan na katako ne da tagulla, abin da zai fito ba shi da rai.

Hujjar da ta fi saurin rushewa ita ce ta masu cewa jaz kiɗa ne na hannu da numfashi zalla, don haka duk abin da ke aiki da lantarki baƙo ne a cikinsa. Saksafon, wato ƙahon tagullar da yau ake ɗauka tamkar tambarin jaz, wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya yi masa rajista a 1846, kuma makaɗan sojan Faransa ne suka fara amfani da shi sosai, ba tare da kowa ya yi tunanin abin da zai zama a bakin jikokin bayi ba. Kafin Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da jitarsa ta lantarki a 1939, ƙahonni kan danne sautin jita, mai kaɗa ta galibi ba ya wuce riƙe bugu a baya. Lantarki ne ya ba shi muryar da zai fito gaba ya yi magana. Ogan ɗin Hammond da Jimmy Smith ya shahara da shi a shekarun 1950 na'ura ce ta lantarki tun daga sama har ƙasa. Tun a 1941 ma Sidney Bechet, ɗan asalin New Orleans, ya shiga situdiyo ya kaɗa kayan kiɗa shida shi kaɗai, ana ɗora wannan a kan wancan, har aka fitar da faifai kamar ƙungiya ce ta kaɗa. Ashe ke nan babu wani zamani da jaz ya zauna nesa da na'ura.

Amma inda rigimar ta samo asali na haƙiƙa shi ne ranar 18 ga Fabrairun 1969, lokacin da shahararren mai busa ƙaho Miles Davis ya tara makaɗa a situdiyon kamfanin Columbia a New York domin aikin da ya fito da sunan In a Silent Way. Ya zaunar da masu fiyano uku a lokaci guda, Herbie Hancock da Chick Corea da Joe Zawinul, dukansu a kan kayan lantarki, ga Wayne Shorter da saksafon, ga Dave Holland da Tony Williams suna riƙe da ƙasan kiɗa, ga kuma John McLaughlin, matashin mai jita wanda bai daɗe da isowa daga Ingila ba. Zawinul ne ya zo da waƙar da aka sanya wa faifan sunanta, cike da sauye-sauyen muryoyi kamar yadda aka saba a jaz, sai Miles ya sa aka zubar da kusan dukansu aka bar ta a kan murya ɗaya, sannan ya umarci McLaughlin da ya kaɗa tamkar wanda bai iya jita ba. Williams, wanda aka sani da tsawa da walƙiya a kan ganguna, ya shafe mafi yawan faifan yana maimaita ɗan bugu ɗaya a natse. Abin da ya fito kiɗa ne mai yawan sarari, wanda ba ya gaggawar zuwa ko'ina.

Daga nan sai furodusa Teo Macero ya ɗauki zaren da aka naɗa, ya sa reza ya yanka, ya sake jerawa, har ya kwafi farkon kowane gefe na faifan ya liƙa shi a ƙarshe, ta yadda mai saurare zai ji mintunan da ya riga ya ji sun dawo masa daidai wa daida. A idon masu kishin gargajiyar jaz wannan babban laifi ne, domin su a wurinsu faifai shaida ne na abin da ya faru a ɗaki, ba a ƙara ba a rage. Ni kuwa ina ganin abin da Macero ya yi bai taɓa ainihin kiɗan ba, saboda duk wani sauti da ke kan wannan zare mutane takwas ne suka yi shi suna fuskantar juna, kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa. Reza ta sauya tsarin ginin, amma ba ita ta yi tubalin ba. Duk wanda ya saurari yadda fiyanon Hancock da na Corea ke zagaye ƙahon Miles, suna cike masa gurbi idan ya yi shiru, suna janyewa idan ya dawo, ya san cewa hira ce ta mutane masu rai, kuma babu almakashin da zai iya ƙaga irinta.

Ba na raina waɗanda suka yi fushi da wannan sauyi, kuma ina ganin duk wanda ya yi musu kallon masu taurin kai kawai bai san tarihin da ke bayansu ba. Daga 1940 zuwa 1967 makaɗi ba ya aiki a gidajen rawa na New York sai da katin izini daga hukuma, kuma da wannan kati aka hana mawaƙiya Billie Holiday da mai fiyano Thelonious Monk neman abinci a birnin na tsawon shekaru. A watan Agustan 1959, 'yan kwanaki bayan fitowar faifansa mafi shahara, 'yan sanda suka fasa wa Miles Davis kai a ƙofar gidan kiɗa na Birdland inda yake aiki. Mutanen da suka ga irin wannan wulaƙanci sun sha wuya kafin su sa duniya ta yarda cewa jaz fasaha ce mai zurfi, har Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin dukiyar ƙasa a 1987, kuma cibiyar Lincoln ta ba shi mazauni na dindindin a ƙarƙashin jagorancin Wynton Marsalis. Da marubuci Stanley Crouch ya zargi Miles a 1990 da sayar da mutuncinsa domin kasuwa, tsoron da ke ƙarƙashin zafin kalamansa shi ne kada abin da aka gina da gumi da hawaye ya narke cikin kiɗan samari, a wayi gari babu wanda ya san daga ina ya fito. Wannan tsoro yana da dalili, kuma zan nuna a gaba cewa wani ɓangare nasa ya tabbata, sai dai ba ta hanyar da suka zata ba.

Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa kiɗan natsuwa na lantarki kayan aro ne da aka shigo wa jaz da shi daga waje. Tarihi ya nuna akasin haka. A 1974, bayan rasuwar babban makaɗin jaz Duke Ellington, Miles ya naɗi kiɗan makoki mai tsawon fiye da minti 30, inda ogan da jita da sarewa ke shawagi kusan babu bugu na lokaci mai tsawo. Brian Eno, Baturen Ingilan da ya raɗa wa ambiyent suna da faifansa na 1978 wanda ya tsara domin filayen jirgin sama, ya rubuta da kansa a bayanin faifansa na 1982 cewa yadda Macero ya shimfiɗa sauti a wannan kiɗan makoki yana cikin abubuwan da ya yi koyi da su. Makaɗin jaz Sun Ra yana kaɗa na'urar Moog, wato sintasaiza mai ƙera sauti da lantarki, tun wajajen 1970, lokacin da mafi yawan makaɗan duniya ba su taɓa ganin irinta ba, Alice Coltrane kuma tana gina kiɗa mai tsawo a kan murya ɗaya a daidai wannan zamani. Saboda haka matashin da ya haɗa saksafon da shimfiɗar sautin kwamfuta a yau yana karɓo wani gado ne da ya fita daga gidan jaz ya yi yawo ya dawo.

Akwai wata hujja, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba a kawar da ita da kawo tarihi. Ginshiƙin jaz shi ne ƙirƙira nan take a tsakanin mutane. Mai ganga yana jin mai ƙaho ya fara hawa, sai ya tura shi. Mai fiyano yana jin an kauce daga muryar da aka shirya, sai ya sauya tasa domin kaucewar ta zama daidai. Lokaci kansa yana miƙewa yana takurewa da numfashin makaɗa, wani ya ɗan riga bugu, wani ya ɗan bi bayansa, kuma daga wannan ja-in-ja ne rangajin jaz yake fitowa. Na'urar da aka shirya wa bugu tun kafin a hau dandali ba ta jin komai daga cikin wannan. Idan mai ƙaho ya yi kuka, tana nan a yadda take. Idan ya yi shiru, tana nan a yadda take. Sai ya zama mutum shi ne ke bauta wa agogon na'ura, yana iya yin ado a samansa amma ba ya iya sauya shi. Da yawa daga cikin faya-fayan da suka cika gidajen shan shayi da otal-otal na Turai a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 haka aka yi su: a ɗora bugu mai maimaita kansa, a kira mai ƙaho ya hura na 'yan mintuna, a sallame shi, a yanko inda ya yi daɗi a liƙa. Irin wannan ba na kare shi, domin an cire abin da ya sa jaz ya zama jaz an bar tufafinsa kawai.

Sai dai wannan matsala ta yadda ake amfani da na'ura ce, kuma makaɗa sun daɗe suna nemo mata magani. Lokacin da Hancock ya ɗauki Patrick Gleeson a farkon shekarun 1970, bai bar shi a situdiyo yana shirya sauti ba, ya sa shi ya riƙa hawa dandali tare da ƙungiya yana murɗa na'urarsa yana sauya wayoyi a gaban jama'a, yana amsa wa masu ƙaho kamar kowane makaɗi. George Lewis, mai busa tirambon daga Chicago, ya tafi nesa fiye da haka, inda tun a shekarun 1980 ya rubuta manhajar kwamfuta mai suna Voyager wadda ke sauraren abin da mutum yake busawa, ta auna sautinsa da saurinsa, sannan ta ƙaga nata kiɗan, wani lokaci ta bi shi, wani lokaci ta saɓa masa. Ko mutum ya ji daɗin sakamakon ko bai ji ba, ba zai ce na'urar kurma ce ba. A garin Kristiansand na ƙasar Norwe kuma, bikin Punkt da Jan Bang da Erik Honoré suka kafa a 2005 ya mayar da yankan sauti kansa ya zama kiɗan nan take: ana kama sautukan wasan da ake yi a dandali, da an gama sai wasu makaɗa su ɗauki waɗannan sautuka su gina sabon wasa da su a gaban masu kallo, ba tare da sun san inda za su ƙare ba. Aikin da Macero ya yi shi kaɗai da reza a ɗaki ya dawo aikin da ake yi a bainar jama'a, inda kuskure zai iya faruwa kowa ya ji.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana da alaƙa da Nijeriya. Tony Allen, mutumin Legas wanda gangunansa suka riƙe kiɗan Fela Kuti na shekaru, ya koyi abubuwa da yawa daga sauraren masu gangunan jaz Art Blakey da Max Roach, kuma an san shi da bugun da gaɓoɓinsa huɗu kowace ke bin tata hanya. A 2018, shekara biyu kafin rasuwarsa a Paris, ya fitar da faifai tare da Jeff Mills, ɗaya daga cikin manyan masu kiɗan tekno na Detroit, wato kiɗan rawa da ake yi da na'urori. A ka'ida wannan haɗi bai kamata ya yiwu ba, domin bugun Allen mai lanƙwasa ne, na tekno kuwa miƙaƙƙe ne kamar layin dogo. Abin da ya sa ya yiwu shi ne Mills bai danna na'urarsa ta Roland ya koma gefe ba. Da yatsunsa yake kaɗa ta, yana tsayar da ita, yana sako ta, yana bin dattijon. Na'ura ce ta sunkuya wa mai ganga, kuma haka ya kamata.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan jayayya a tamu siga, ko da ba jaz muke yi ba. Tun da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano a shekarun 1990, mutum ɗaya kan zauna ya fitar da sautin kalangu da sarewa da goge daga maɓallai, kuma ƙorafin da tsofaffin makaɗa ke yi bai bambanta da na masoya jaz ba: kalangun gaske yana bin bakin mawaƙi, yana amsa masa, yana zuga shi, na cikin fiyano kuwa zagaye kawai yake yi. A gefe guda kuma muna da Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗi waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa da ogan ɗin lantarki a Yamai a 1978, kiɗan da aka daɗe ana ji a rediyo da talabijin ɗin Nijar tsakanin shiri da shiri, kafin wani kamfanin Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta san shi. Hannunsa ne a kan maɓallan, shi ya sa har yau ana jin mutum a cikin sautin.

Ɓangaren ambiyent ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan ne damuwata ta fi yawa. Eno ya ce yana son kiɗan da za a iya yin biris da shi, amma kuma idan aka kasa kunne a tarar da abin sha'awa a ciki. Maganar tana da ɓari biyu, sai kasuwa ta ɗauki ɓari ɗaya ta jefar da ɗayan. Manhajojin sauraren kiɗa sun gano cewa miliyoyin mutane ba sa neman wani makaɗi da sunansa, suna neman abin da za su saka ne yayin karatu ko aiki ko barci, kamar yadda ake kunna turaren wuta a ɗaki a ci gaba da hira ba tare da an tambayi wanda ya haɗa shi ba. Kiɗan fiyano mai laushi da ɗan ƙaho a nesa da shimfiɗar sautin lantarki ya dace da wannan buƙata ƙwarai, kuma tunda ana ƙirga kuɗi ne da zarar an saurari abu na daƙiƙa 30, gajeren kiɗa marar tayar da hankali ya fi riba a kan doguwar hira ta makaɗa.

Abin da ya biyo baya ba zato ba ne, 'yan jarida sun bankaɗo shi. A 2022 jaridar Dagens Nyheter ta ƙasar Suwidin ta gano cewa kimanin mutum 20 ne ke bayan sunayen makaɗa fiye da 500 a manhajar Spotify, wasu ma an ƙaga musu tarihin rayuwa. A 2024 jaridar ta sake gano mutum ɗaya da ke fitar da kiɗa da sunaye fiye da 650, wanda aka saurara sau biliyan 15. 'Yar jarida Liz Pelly ta ba da rahoto a mujallar Harper's cewa kamfanin yana da wani tsari na cika jerin waƙoƙin hutu da kiɗa mai arha da yake samu daga kamfanonin da ke samar da shi da yawa, kuma jaz da ambiyent suna cikin nau'o'in da abin ya fi shafa. Kamfanin dai ya daɗe yana musanta cewa shi ke ƙirƙirar makaɗan bogi. Ko yaya aka raba laifin, sakamakon ɗaya ne ga matashin da ya shafe shekaru yana koyon ƙaho: gurbin da zai shiga a jerin da miliyoyi ke saurare an cike shi da sunan da babu mutum a bayansa, kuma idan an ɗauke shi aikin naɗa irin wannan kiɗa, abin da ake so daga gare shi shi ne kada ya yi wani abu da zai sa mai saurare ya ɗaga kai.

A nan ne tsoron su Crouch ya tabbata, domin ga jaz ya narke har ba a san mai shi ba. Amma sintasaiza ba ita ta jawo hakan ba, domin da yawa daga cikin wannan kiɗan bogi da fiyanon katako da ganguna na gaske ake yin sa. Abin da aka cire daga cikinsa shi ne kasada da suna, wato yiwuwar makaɗi ya faɗi abin da ba a zata ba, da kuma sanin wanda ya faɗe shi. Kiɗan da ya samo asali daga mutanen da aka ƙwace wa sunayensu na asali a kasuwar bayi, waɗanda suka yi ta gwagwarmaya har duniya ta san Armstrong da Ellington da Parker da sunayensu, bai cancanci a mayar da shi sautin da ba shi da uba ba. Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai, kuma ina ganin ƙarfin da ake ɓarnatarwa wajen faɗa da kayan lantarki a nan ya kamata a zuba shi.

Kada kuma a ɗauka cewa duk kiɗa mai laushi fanko ne. Faifan Promises da ya fito a watan Maris na 2021 ya haɗa Sam Shepherd, mai kiɗan lantarki daga Ingila wanda aka fi sani da Floating Points, da Pharoah Sanders, wanda ya yi busa tare da John Coltrane daga 1965 har zuwa rasuwar Coltrane a 1967, da kuma ƙungiyar makaɗan London Symphony. Tsawonsa minti 46 ne, kuma kusan dukansa a kan 'yan sautuka bakwai aka gina shi, suna dawowa bayan 'yan daƙiƙu, suna dawowa. Wasu sun soki aikin da cewa an mayar da dattijo mai shekara 80 abin ado a cikin ginin wani, kuma gaskiya ne cewa akwai dogayen wurare da ba a jin sa sam, gogen ƙungiyar ma daga baya aka naɗa shi a Landan aka ɗora. Na auna wannan suka, kuma na yarda da rabinta: inda gogen ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar faifan, an bar jaz an shiga wani kiɗa dabam. Amma a wuraren da Sanders yake busa, ana jin iskar bakinsa kafin sauti ya fito, ana jin yana jinkirta shiga, yana barin sautukan bakwai su wuce sannan ya amsa musu, har akwai inda ya ajiye ƙahon ya riƙa gunguni da muryarsa. Shi ne ya nemi a haɗa shi da Shepherd bayan ya ji wani faifansa na 2015, kuma mutumin da ya yi suna da ƙarajin saksafon a ƙuruciyarsa yana da 'yancin zaɓar natsuwa a tsufansa. Ya rasu a watan Satumban 2022, kuma ta wannan faifai mutane masu yawa suka koma suka nemi ayyukansa na shekarun 1960 da 1970.

Akwai sauran magana a kan haƙƙi, wadda na'ura ta ƙara wa girma saboda ta sauƙaƙa ɗaukar sautin wani. Busar kwalba da ta buɗe wata shahararriyar waƙa a faifan Hancock na 1973 kwaikwayo ce ta wata busa ta mutanen Ba-Benzele na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda masu bincike suka naɗa suka fitar a 1966. Da mawaƙiyar Amurka Madonna ta yanki wannan wuri ta saka a waƙarta a 1994, sunan Hancock aka rubuta, mutanen dajin da suka mallaki salon kuwa ba a ambace su ba. Jon Hassell, mai ƙahon da ya yi aiki da Eno a 1980 ya kuma yi tasiri a kan makaɗan Norwe irin su Nils Petter Molvær da Arve Henriksen, ya sha ɗebo sautukan Afirka da Asiya, amma a 1988 ya zauna ya yi faifai da ƙungiyar Farafina ta Burkina Faso, sunansu yana kan bango tare da nasa. Hanya ta biyu ita ce ta mutunci, kuma ta yi daidai da sharaɗin da nake kafewa a kai, domin wanda aka gayyato ɗaki zai iya amsawa, zai iya cewa a'a, zai iya neman rabonsa, alhali sautin da aka yanko daga tsohon faifai ba ya iya ko ɗaya.

Matasan da ke wannan aiki yadda ya kamata suna nan, kuma suna buƙatar a san su. Nala Sinephro, wadda ta taso a Beljiyam take aiki a Landan, tana haɗa babban molon Turawa mai tsirkiya da yawa da sintasaiza, kuma a faifanta na 2021 ana jin masu saksafon irin su Nubya Garcia da masu ganguna suna jan shimfiɗar lantarkin zuwa inda suke so, ita kuma tana bin su. Irin wannan aiki yana cin kuɗin ɗaki da na makaɗa da na lokaci, amma a manhaja ana jera shi kafaɗa da kafaɗa da kiɗan da mutum ɗaya ya zubo da ɗaruruwa, ana biyan su da ma'auni guda. Tun daga 2024 ma Spotify ta daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, abin da ya fi cutar da ƙananan makaɗa masu dogayen ayyuka. Don haka nake ganin ya zama dole manhajoji su riƙa nuna sunan kowane mai busa da mai ganga da mai na'ura a kan kowace waƙa, su bayyana a fili idan sunan da ke kai na aro ne ko kuma kwamfuta ce ta ƙaga kiɗan, sannan su sake duba tsarin da ke biyan kiɗan minti 18 daidai da na minti biyu.